Wuskin Hayaƙi a Leɓen Lachlan

"Kwana biyu ke nan bai buɗe ido ba," in ji nas ɗin tana tattara kayanta. "Ku riƙa jiƙa masa leɓe da ɗan soson nan. Ruwa, shayi, duk abin da yake so."

Ishbel, maƙwabciyar Lachlan, ta saci kallon 'yarsa Rhona, wadda ta sauka daga Kanada da safen nan. Shekara goma sha ɗaya uba da 'ya ba sa magana, tun ranar jana'izar matarsa da ya ce tafiyar Rhona ce ta kashe ta. Ishbel ce ta yi ta naci a waya har yarinyar ta taho. Ga ta yanzu a bakin gado tana "Baba, Baba," shi kuwa sai numfashi. Ishbel ta koma gefe tana lissafi. In tsohon nan ya tafi a haka, ta taso 'yar mutane daga wata uwa duniya ne don ta koma da baƙar maganar nan har abada.

Rhona ta sauko da kwalbar da ke kan kabad, wuskin sha'ir zalla na matatar giya guda ɗaya, mai ƙanshin zabibi da zuma, wanda ba a buɗewa sai sabuwar shekara. Lachlan ya yi shekara arba'in yana ɗaure gangunan wuski a bakin kogin Spey, kuma a wurinsa duk wanda ba na nan ba ruwan wanki ne. Aka tsoma soso aka shafa masa. Ko gezau.

"Na makara, Anti," in ji Rhona.

"Ke dai tsaya."

Ishbel ta fita da silifas cikin yayyafi, ta dawo da tata kwalbar. Ita 'yar tsibirin Islay ce, inda ake busar da sha'ir da hayaƙin baƙar ƙasar fadama da ake ƙonawa kamar itace. Shekara talatin, duk biki duk baftisma, sai ta kawo tata ya kawo tasa, a jera kofuna, a ɗiga ruwa, a shinshina, a tashi baram-baram. Bai taɓa yarda nata ya wuce maƙoshinsa ba.

Tana cire murfin, ɗakin ya ɗauki warin hayaƙi da kwalta. "Allah ka yafe mini," ta ce, ta goga masa soson da kyau.

Goshinsa ya yamutse. Bakinsa ya motsa. Can sai ido ɗaya ya buɗe.

"Wane ɗan banza ne... ya ƙona taya a bakina?"

"Ni ce, tsoho mai ran ƙarfe. Yau dai ka ɗanɗani wuski na gaskiya."

"Man zafi ne wannan. Haba Ishbel, mutum na mutuwa ma ba za ki ƙyale shi ba?"

"Mutu mana, wa ya riƙe ka? Amma dubi hagunka tukuna."

Ya juya kai da ƙyar. Ya daɗe yana kallo.

"Rhona. Kin rame."

"Kai ma, Baba."

"Maganar nan da na gaya miki..."

"Bar ta kawai, Baba."

"Ba zan bari ba. Ƙarya na yi. Ciwo ne ya kashe uwarki, ba ke ba. Na rasa wanda zan huce a kansa ne."

Ishbel ta sulale zuwa kicin ta ja ƙofa. Ta zauna daɓas a kan kwandon dankali, tana dariya tana share hawaye. Rabon da ta ji ƙirjinta sakayau haka har ta manta.

Washegari kafin tsakar rana ya cika, hannunsa cikin na 'yarsa. Ishbel ta ɗaga tagar ɗakin kamar faɗin tafin hannu, yadda ake yi wa mamaci a nan don ransa ya samu hanyar fita, sannan ta leƙa falo don ta tambayi Rhona ko za ta sha shayi. Ta tarar da ita a kujerar mahaifinta, ƙafa a miƙe, baki a buɗe, tana sharar barci.