Wane Ne Zainulabidin?

"Baba, sau ɗaya kawai. Ka faɗa mana sau ɗaya mu tafi."

Kabiru direba ne ke magana. Ya durƙusa a bakin katifa, ya kai salularsa daf da bakin maras lafiya kamar mai ba shi magani a cokali. Yaran tasha biyu na tsaye a bayansa suna danne dariya. Wai dubiya suka zo, har da ledar lemo.

Tsohon ya datse leɓɓansa, ya mai da ido kan rufin ɗaki.

"Haba Baba, tasha ta yi shiru tun da ka kwanta. Direbobin Damagaram sai tambaya suke. Ko a hankali ne ka faɗa, salular za ta ɗauka."

Ina bakin ƙofa, ina shirin in ce wani abu, sai ga 'yarsa Najaha ta dawo daga lakwal, makarantar da take koyarwa, farin alli har a gefen hijabinta. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta taɓa ɗagawa. Ta ɗauki ledar lemon ta miƙa wa Kabiru.

"Mun gode. Ku gaida gida."

Suka fita sumui-sumui, amma suna kaiwa zaure dariyar ta ƙwace musu. Ɗayansu ya maƙale murya ya kwaikwayi tsohon, ya faɗi abin da suka zo nema ɗin da kansa.

Ni Lawwali, tela ne, katanga ɗaya ta raba ni da mutumin nan shekara da shekaru, a can bakin gari inda gidaje suka fara tsinkewa. Duk wanda ya taɓa shiga mota a Matameye ya san shi, don ɗan kamasho ne a tasha tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai. Kuma duk wanda ya san shi, da suna ɗaya ya san shi: Jakar-Uba.

Shi ya jawo wa kansa, wannan ba zan ɓoye ba. Kalmar ta zauna masa a baki kamar goro. Mota ta cika, "jakar uba, mun gode Allah." Mota ta ƙi cika, "jakar uba, yau garin ba kowa." An ce ranar da aka miƙo masa Najaha tana jaririya, da ita ya fara yi mata barka da zuwa duniya. Ni kuwa da ita nake karya kumallo, don buta ba ta faɗuwa a gidansa sai na ji ta katanga. 'Ya'yana sun ɗauka, na ci ubansu har suka bari. Na yi masa magana ya fi a ƙirga, ya ce, "Jakar uba, Tela, ka yi gaskiya, na daina."

To amma wa ya tsira? Akwai wani ma'aikaci a garin nan da ba ya iya haɗa magana biyu sai ya sa "bon" da "donk" a tsakani, har kai ya yi maka ciwo. Kabiru kansa ba ya yin ƙarya sai ya share mata hanya da "wallahi tallahi". Ba wanda ya raɗa musu suna da abin bakinsu. Sai talakan da ke ihu a rana aka samu.

Najaha ce ta biya kuɗin sabon da ba ita ta yi ba. Tana ƙarama 'yar Jakar-Uba ake ce mata. Ta yi karatu ta zama metires, wato malamar makaranta, yara na jiran ta juya ga allo su raɗa wa juna sunan. Shi ya sa take magana kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ban taɓa jin ko "shege" daga bakinta ba.

Tansiyo ce, wato hawan jini, ta kayar da shi a tsakiyar tasha, yana kiran fasinjan Magarya. Aka kai shi Damagaram, aka dawo da shi ɓarin hagu a shanye. Bakinsa ya ɗan karkace, amma yana magana. Da Malam Yasin, limamin unguwarmu, ya zo dubiya, ya gaya masa a hankali cewa abin da harshe ya saba da shi, shi yake riga mutum fita a ƙarshe. Tun daga ranar mutumin nan ya kama bakinsa. Abin da na kasa da faɗa, tsoro ya yi shi a yini ɗaya.

Ba da sauƙi ba. Bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya, in za mu juya shi ni da Najaha, sai ka ga kalmar ta taso masa har maƙogwaro. Sai ya cafki bakin zane da haƙora ya cije, hawaye na bin gefen kunnensa. Zanen nan duk ya huhhuje. Na ji tausayinsa, ni da na yi shekaru ina fatan Allah ya ɗinke masa baki.

Wata la'asar, Najaha na ba shi kunu, ya juyo da ido gare ni.

"Tela, ka san sunana?"

"Na sani mana. Zainulabidin."

"Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ya lumshe ido kamar wanda aka shafa wa ruwan sanyi.

"Ubana malami ne a Kurni. Shi ya zaɓa da kansa. Yanzu daga kai sai yarinyar nan kuka san shi." Ya huta. "In na tafi, da shi za a yi shela. Kada a kai ni gaban Allah da wancan. Uwata, kin ji ko?"

Haka yake kiran Najaha, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Na ji, Baba."

"Ki ce kin ɗauka."

"Na ɗauka, Baba."

Ya cika ranar kasuwa, rana ta ɗaga sosai, a tsakiyar bazara. Ina wurin. Malam Yasin na laƙana masa kalmar shahada, ya karɓa, bakinsa na rawa. Wannan kam ya samu, ni shaida ne.

Najaha ta roƙi matan maƙwabta kada su yi kururuwa, kada kuma kowa ta kira tasha. Ta ce shelar masallaci ta isa. Malam Yasin ya kunna lasifika ya sanar cewa Allah ya yi wa Malam Zainulabidin Abdurrazak rasuwa, za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa. Ya faɗa ya maimaita. Muryar ta bi ta kan gidaje ta faɗa cikin hayaniyar kasuwa. Na tabbata mutane da yawa sun ji, sun ce Allah ya jiƙan musulmi, sun ci gaba da auna gero.

Muka yi masa wanka ni da Malam. Likkafanin ni na ɗinka. Aka yi azahar, muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, muka zauna. Mu biyar ne: ni, Malam, ladan, da tsofaffi biyu da ƙafa ta hana su zuwa kasuwa, ɗaya ma ba ya gani. Duk mai ƙarfi a unguwar yana can yana neman na tuwo.

Malam ya koma ya sake shela, ya ƙara da cewa tsohon ma'aikacin tasha ne. Hakan ya kawo mana mutum ɗaya, da babbar riga, ya ɗauka mamacin wani tsohon jami'in garin Kance ne. Da ya ga ƙofar langa-langa sai ya tuna yana da uzuri.

Rana ta fara karkata. Ɗakin da gawar take ya ɗauki zafi kamar tanda. Ba a ko sari ƙasa ba a maƙabarta, kuma ƙasar bazara sai matasa. Malam Yasin ya jawo ni gefe.

"Malam Lawwali, gawa ba ta jira a wannan zafin. Ko mun sallace shi mu biyar, wa zai ɗauki makara? Wa zai yi haƙa? Ka yi wa yarinyar nan magana."

Na shiga. Tana zaune a ƙofar ɗakin uban, tana kora ƙuda da mafici kada su shiga. Na gaya mata yadda ake ciki, ban rage komai ba.

"Ba wanda ya zo, Baba Lawwali?"

"Ba su san shi ba ne, 'yata."

"A ƙara jira kaɗan."

Muka ƙara. Ba wanda ya ɓullo sai wata akuya. Da na sake shiga, ita ma ta ji abin da hancina ya fara ji. Ta ajiye maficin.

"Ka je tasha."

"In ce musu wa ya rasu?"

Ba don mugunta na tambaya ba. Alkawarin a gabana aka ɗauka, ban so in zama ni na karya shi da bakina ba tare da ta ce ba. Ta dube ni, idonta a bushe. Leɓɓanta suka motsa ba sauti, kamar yaro mai koyon harafi. Sannan ta faɗa, a hankali, tiryan-tiryan, yadda take karanta wa yara darasi.

"Ka ce musu Jakar-Uba ya rasu."

Ta sa bakin hijabi ta goge bakinta.

Na hau kabu-kabu. A tasha na tarar da Kabiru yana ɗaure buhuna a kan mota. Na gaya masa. Ya yi salati, har ga Allah ya yi, idonsa ma ya kawo ruwa. Sai ya fizge lasifikar hannu da ake kiran fasinja da ita, ya haye saman motar, ya juya ta wajen kasuwa.

"Jama'a, Jakar-Uba ya rasu! Jakar-Uba na tasha! Yanzu za a kai shi!"

Ban taɓa ganin kasuwa ta motsa haka ba. Mahauta suka rufe nama, masu awo suka kife kwano. Fasinjan Dungu suka sauko daga motar da ta riga ta cika. Kafin in koma gida, matasa sun wuce maƙabarta da diga da shebur a bayan wata mota. Layinmu da ko amalanke ba ta cika bi ba ya toshe. Sahu ya kai har bayan gidana, wasu a kan juji suka tsaya.

Aka yi salla lafiya. Wajen ɗaukar makara har ture juna ake yi, kowa na so ya sa kafaɗa. Malam Yasin ya raɗa mini cewa bawan Allah nan ya yi gatan jama'a, irin wannan taro ba kowane mai kuɗi ke samu ba. Gaskiya ya faɗa. Na rasa dalilin da ya sa maganar ta ƙona mini rai.

Muna tafe, sai labarai suka fara tashi daga baya. Wannan ya tuna ranar da mamacin ya faɗa wa jandarma kalmar, wancan ya tuna ranar da ta suɓuce masa a gaban wani Alhaji. Kowa sai ya kwaikwayi muryar. Can wani yaro ya lalubo tsohuwar murya a salularsa, wadda aka ɗauka a tasha tun yana da lafiya, ya kunna. Muryar mamacin ta tashi garau a bayan makararsa, tana kiran Damagaram saura mutum ɗaya, tana ashar. Mutumin da ya cinye zane da haƙora don kada ya faɗa. Dariya ta bi sahu kamar wutar kara, masu riƙe da makara ma kafaɗunsu na girgiza. Malam ya juya ya tsawata, aka kashe. Ba a yi nisa ba wani ya ce a tura masa.

Da na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ya fi nasa muni.

Aka sa shi, aka jera itace, aka mai da ƙasa. Malam Yasin ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya gafarta wa bawansa Zainulabidin ɗan Abdurrazak, ya sa ya huta. Wani mahauci da ke kusa da ni, hannunsa a sama, ya karkato kai.

"Tela, wai mutum biyu aka binne ne?"

Na dawo gida la'asar sakaliya. Matan gari sun sami labari, sun yi ta shiga gidan ƙungiya-ƙungiya, takalma sun cika zaure har waje. Na zauna a kan kekena, akwai rigar wani a ƙarƙashin allura tun safe. Na ɗora ƙafa ban taka ba.

Ta katanga ina jin komai. Matan ba da mugunta suka zo ba, ba su da wani sunan da za su kira. Kowace ta durƙusa sai ta ce, "Metires, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Jakar-Uba, ya sa aljanna ce makoma." Addu'a ce, ba a barin ta a ƙasa.

"Amin," in ji Najaha.

Wata ta matso ta faɗi nata.

"Amin."

Inuwar katanga ta rufe tsakar gidana, kaji suka fara shiga akurki. Muryarta ta dushe har sai na kasa kunne nake jin ta, takalma kuma ba su daina ƙaruwa a zaure ba.