Ƙwallon da Muntaka Ya Ɗinka

Shekara tara cur ƙungiyar ƙwallo ta Guguwar Lafiya ba ta hau jirgin Makurɗi ba. Tsarin kuwa ba wuya: a ƙarshen damina ƙungiyoyin ƙwallo na wannan gefen kogi sukan kara da juna, wadda ta rage ita ke hawa jirgin ƙasa ta tafi Makurɗi wasan kofin lardi. Rabon Guguwa da tafiya tun 1948, ga shi ana 1957. Mutanen kasuwa har sun gaji da jin haushi sun koma zolaya, wai wace irin guguwa ce wannan da ko ganyen mangwaro ba ta iya ɗagawa. Amma ranar wasa su ɗin dai za ka gani sun rufe rumfuna sun cika filin Bukan Sidi, marasa zuciya kawai.

Muntaka baduku bai taɓa sa ƙafa ya taɓa ƙwallo ba, da hannu yake taɓa ta. Ƙwallon ƙungiyar ɗaya ce tak, ta fata, mai robar iska a ciki da igiya a baki, kuma tun ranar da aka kawo ta daga Jos a rumfarsa take kwana. Shi ke shafa mata man kaɗe, shi ke bin ɗinkinta bayan kowane wasa. Ɗinkinsa bai taɓa warwarewa a fili ba, kuma yakan faɗa wa duk wanda ya zauna a rumfar, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Abin da ba ya faɗa shi ne yanar ido ta kusa rufe masa gani. Matarsa Zuwairatu kaɗai ta sani. Kullum da safe ita ke zura masa zare a basilla huɗu, ya soke su a cikin hula ya fita kamar mai lafiya. Aikin da a da yake yi kafin goro ya ƙare a baki, yanzu sai ya ci masa awa guda, don da yatsa yake lalubar ramukan ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Disfensan asibiti ya duba shi bayan Sallah, bai ɓoye masa ba, ya ce zuwa baɗi ba zai bambanta mutum da turke ba.

To, abin da ke cin Muntaka a rai shi ne wancan zuwan na 1948. Ranar da duk gari ya ɗunguma tashar jirgi rakiyar 'yan wasa, shi yana rumfa yana ƙarasa wa wani takalmi, ya ce ai baɗi ma za a je. Takalmi fa! Mai takalmin ma ya mutu tuntuni. Tun daga nan ba shi da burin da ya wuce ya tsaya a tashar nan ya ga Guguwa ta hau jirgi da idonsa, ba a ba shi labari ba. Ga idon kuma saura na bana.

Bana ɗin kuwa abin ya zo kusa. Saura wasa ɗaya, da 'yan Keffi, a gida. Ga Iorhemba, manomin doya daga wajen Adogi, wanda ke tako mil bakwai a ƙasa ya zo ya buga musu gaba, ƙafa ba takalmi. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka je Makurɗi, gwiwarsa ta dama kuma ta fara gardama. Duk ranar kasuwa yakan ajiye wa Muntaka doya biyu a bakin rumfa, ya ɗauki ƙwallon ya matsa ta da hannu biyu, ya ce da Hausarsa ta mutanen Binuwai, “Baba, ƙwallo ya yi kyau.”

Ranar wasa da hantsi sai ga Sha'aibu mahauci, shugaban magoya baya, mutumin da muryarsa ke riga shi isa ko'ina. Yau kam a hankali ya shigo, ya zaro wata laya mai kauri daga aljihu ya ajiye a kan fata. Ya ce wani malami ne ya yi aikin, a sa ta tsakanin roba da fata, duk inda ƙwallon ta je sai ta nemi gidan Keffi. Shekara takwas Sha'aibu na zuwa da wannan magana, shekara takwas Muntaka na korarsa, yana cewa ƙwallo ba wuyan jariri ba ce. Ta bakin igiya layar ba za ta shiga ba, sai an farke ɗinki, fatar kuma ta tsufa, ba ta son a dame ta.

“Malam Muntaka,” in ji Sha'aibu, “in ba a je bana ba, gwiwar Iorhemba ba za ta kai baɗi ba. Wa kuma muke da shi?”

Bai san ya taɓa inda ke ciwo ba. Muntaka ya ɗaga kai ya dube shi, bai ga komai ba sai farin riga da duhun fuska. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ke sa dattijo aikin yara. Ya ce wa Sha'aibu ya bar layar ya tafi.

Ya farke ɗinki goma sha biyu, ya cusa ta, ya fara mayarwa. Layar ta hana bakin fatar haɗuwa da kyau, rana na tafiya, aka yi kiran azahar bai kai rabi ba. Sai ya shiga tsallake ramuka, ya ɗinka ɗaya ya bar ɗaya, ya ja zaren da ƙarfi don ya rufe aibin. Ya san abin da ya yi. Da ya hura ta da famfon keke, ya ji ƙullutun ƙarƙashin babban yatsansa, ya juya wajen ƙasa ya ce Allah ya rufa asiri.

Bayan la'asar fili ya cika maƙil. Mata 'yan Tiv da ganguna a gefe guda, mahauta da 'yan koli a ɗaya gefen, wasu a kan rassan mangwaro. Alƙalin wasa Malam Patrick ne, malamin makarantar mishan da aka aiko daga Makurɗi, shi kaɗai ke da agogo a filin, kuma ba ya dariya. Muntaka ya zauna a inda ya saba, bakin layi, da jakar kayan aikinsa. Abin da yake gani jajayen riguna ne da shuɗaye suna cakuɗewa suna rabuwa, ƙwallon kuwa sai dai ya ji ƙararta.

Aka je hutu ba ci. Aka dawo, aka yi ta fama, sai can filin ya ɗauka gaba ɗaya, gangunan suka haukace, Sha'aibu ya rungumo Muntaka ya ɗaga shi sama yana kiran sunan Iorhemba. Guguwa ta ci! Muntaka ya yi ihu tare da kowa har muryarsa ta dishe, bai bari wani ya gane bai ga komai ba. Ya ce a ransa ba komai, jirgi babba ne, jirgi dai zai gani.

Saura minti goma sha biyar a tashi, wani ɗan bayan Keffi ya ɗirka wa ƙwallon ƙafa. Muntaka ya ji ƙarar ta sauya tun kafin kowa ya lura. Ɗinkin ya tsage, robar ta bulluƙo waje kamar maƙoƙo, layar ta faɗo ƙasa. Sha'aibu, ba a san lokacin da ya shiga filin ba, ya taka ta ya tsaya a kai ƙiƙam yana duban sama.

Malam Patrick ya hura usur ya karanta musu doka: masu gida ke kawo ƙwallo, in minti goma ya wuce ba ƙwallo, an ba baƙi wasan. Aka roƙi 'yan Keffi su ara tasu. Kyaftin ɗinsu ya ce wallahi sun manta ta a gida, alhali yana zaune a kan wani buhu mai kumburi, ɗan banza. Sai duk ido ya dawo kan Muntaka, hankalin mutane ma ya kwanta, ai ga baduku nan, wannan aikin minti biyar ne a wajensa.

Ya sace iskar, ya tura robar ciki, ya zaro basilla daga hula. Dole ya bi tsoffin ramuka, in ya huda sababbi fatar za ta yage gaba ɗaya. Ya kawo ƙwallon dab da hancinsa, ba komai sai hazo ruwan ƙasa. Ya koma laluba. Rami ɗaya. Na biyu. Gumi ya jiƙa yatsun, suka riƙa zamewa. Malam Patrick ya ce minti huɗu sun tafi. Mutane suka matso suka tare ɗan hasken da ya rage, wani yana cewa Malam yi sauri mana, wani yana cewa yau kuma yanga ake mana. A rami na biyar zaren ya tsinke. Ya zaro wata basillar, ta suɓuce ta faɗa cikin ciyawa.

Tana nan kusa da gwiwarsa tana walƙiya, kowa na ganinta. Shi kuwa ya shiga shafa ƙasa da tafin hannu, can gefe, nesa da ita. Surutun ya mutu.

Iorhemba ya durƙusa, ya ɗauki basillar ya sa masa a hannu. “Baba, mene ne?”

“Ba na gani,” in ji Muntaka. “Iorhemba, ba na ganin ramukan. Na daɗe.”

Iorhemba ya matso kusa. Ya kama hannun dattijon, ya riƙa kai bakin basillar kan rami, Muntaka na sokawa yana ja. Na shida, na bakwai, na takwas. Hannun manomi ne, ya saba da garma, sau biyu yana kai ta gefe. Suna kan na tara aka hura usur mai tsawo.

Ba wanda ya zagi Muntaka, da ma sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Gangunan suka tafi shiru. Sha'aibu ya tsugunna ya ɗauki layarsa, ya bi ayari. Muntaka bai tashi ba. Ya warware ɗinkin da suka yi da sauri, ya sake daga farko, rami bayan rami, bai tsallake ko ɗaya ba, hawaye na sauka kan fatar. Da bai taɓa ta ba da safe, da yanzu ana shirin tasha. Iorhemba na zaune gefensa ya miƙe ƙafar da ke ciwo, yana jira.

Da ya ƙulle na goma sha biyu ya miƙa masa. Iorhemba ya matsa ta da hannu biyu kamar kullum, duk da ba iska a ciki, ya ce ƙwallo ya yi kyau. Sannan ya ɗaga dattijon ya riƙe masa gwiwar hannu suka kama hanyar gari, ɗaya na ɗingishi ɗaya na laluben ƙasa da ƙafa. Sun wuce bishiyar mangwaron kafin Muntaka ya yi magana.

“Cin nan da ka yi, da wace ƙafa?”

“Hagu, Baba.”

“Ta sama ta shiga ko ta ƙasa? Faɗa mini tun daga farko, kada ka tsallake komai.”