Kwamfuta Marar Kai

Karo na huɗu ke nan Roda ta rushe kwamfutar ta sake danna maɓallin gina ta, kuma karo na huɗu ke nan rubutu ya yi ta zuba a allo kamar ana zazzage buhun shinkafa, ya zo ƙarshe ya tsaya cak. Taswirar ba ta fito ba. Layi ɗaya ne kawai na Turanci a can ƙasa, wai manhajar ba ta sami allon da za ta bayyana a kai ba. Alhali ga allo nan ƙato a gabanta, ga majigi an ɗaura a rufi yana haska bango. Ta ja dogon tsaki. Ƙarfe goma da rabi ta yi, baƙin Kano kuma sha ɗaya za su iso.

Ofishin ƙungiyar manoman rani ne na wani sashe na kanal, wato magudanar ban ruwa, tsakanin Kura da Bunkure, kuma wata shida ke nan da ɗaukar Roda ta kula da kwamfutar ƙungiya. Wadda take ta rushewa ba ta ƙarfe ba ce. Wata ce a cikin ta ƙarfen, da jerin umarni ake gina ta. Danna sau ɗaya, ita da kanta za ta ɗora duk abin da ake buƙata, daga ƙarshe ta buɗe taswirar rabon ruwa: rassan kanal layi tara, kowanne da ranarsa ta shan ruwa. An yi yarjejeniya da hukuma cewa in taswirar ta fito yau a gaban daraktar hukumar, za a buga ta a takarda a sa hannu, ta zama doka. In ba ta fito ba, a ci gaba da littafin shugaban ƙungiya har wani ranin.

Littafin nan kuwa, ɗan ƙarami ne, a aljihun gaban rigar shugaban, Alhaji Badamasi, yake kwana yake tashi, kuma ba a taɓa samun mahaluƙin da ya leƙa cikinsa ba. Abin da dai kowa ya sani, layi na ɗaya, inda gonar Alhaji da ta surukansa suke, sau uku yake shan ruwa a mako. Layi na tara, can wutsiyar kanal, yau kwana goma sha ɗaya rabonsa da ɗigo. A nan tumatirin mahaifin Roda yake, Baba Titus, wanda ya zo daga Filato shekara talatin da suka wuce bai sake komawa ba. Da safen nan ta biya ta gonar ta same shi tsugune yana jujjuya wani ganye da ya yi laushi. Ya ce mata in aka ƙara kwana biyu furen zai zube, shi ke nan. Bai roƙe ta komai ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

Ta leƙa waje ta kira Injiniya Mustapha, ƙwararren da aka ɗauko daga birni ya rubuta jerin umarnin. Yana cikin motarsa yana shan sanyi, an gama cusa masa buhun albasa biyu a but, kyautar Shugaba. Ya shigo yana ƙamshin turare, ya sunkuya ya dubi allon na daƙiƙa uku, ya ce matsalar netwok ce. Roda ta ce ai babu inda abin yake buƙatar netwok. Ya ce to wutar sola ce ba ta da ƙarfi. Ta nuna masa batir a cike. Sai ya gyara wuyan riga ya saki wata kalma ta Turanci, daidai lokacin da Alhaji Badamasi ya ɗago labule cikin babbar riga mai sitati.

Alhaji ya tambayi me Injiniya ya ce. Roda ta fassara masa yadda kalmar take: wai kwamfutar marar kai take tashi.

Alhaji ya sha mur. "Marar kai kamar yaya? Ina ce sunana aka sa a kanta?"

Injiniya ya hau rantse-rantse cewa ba haka ake nufi ba, masu sana'ar ne ke kiran kwamfutar da ke aiki babu allo da wannan suna. Amma Roda ta riga ta daina sauraronsa, don maganar Alhaji ta tuna mata ranar bita. A ranar Injiniya ya yi bayanin cewa suna biyu ne ake shiga kwamfutar da su. Akwai babba, mai ikon yin komai da goge komai, akwai kuma ƙarami wanda ba ya iya komai sai kallo. Alhaji bai bari an kai aya ba ya ce a sa wa babban suna Shugaba, kuma duk abin da za a yi a yi shi da sunansa. Ƙaramin aka sa masa manomi, aka rufe shi aka ajiye, don a cewar Alhaji ba a fara abu da na ƙasa.

Ta buɗe jerin umarnin ta bi shi layi-layi, ta ga abin ɓaro-ɓaro. Da sunan Shugaba ake kiran taswirar, tun ana tsakiyar gini, kafin kowa ya shiga. Shi kuwa babban suna a lokacin ba shi da allo ko ɗaya. Yana ba da umarni ne kawai a cikin duhu, taswirar ta zo ta rasa inda za ta tsaya ta mutu.

Ta yi musu bayani a hankali, da ladabi. Gyaran layi uku ne: kwamfutar ta gama gina kanta, ta shiga da sunan manomi, sannan taswirar ta buɗe.

"Wato manomi ya riga Shugaba gani," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, shi Shugaban cikin kwamfuta komai yana iyawa, gani ne kawai ba ya yi."

Injiniya ya yi tari ya dubi rufi. Alhaji ya ƙura mata ido har ta sunkuyar da kai. Sannan ya yi murmushi ya dafa aljihunsa, ya ce kada wanda ya taɓa aikin Injiniya, an riga an amince da shi a rubuce. In abin ya ƙi, haka Allah ya so. Shi dai littafinsa bai taɓa ƙin buɗuwa ba. Ya kuma tuna mata, kamar yadda yake yi duk mako, cewa mutum goma sha biyu ne suka nemi kujerar nan, shi ya ce a ba 'yar Titus don zaman tare.

Jiniya ta yi kuka daga bakin titi. Suka fita tarar baƙi suka bar ta ita kaɗai.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta san Alhaji ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, sai dai mutum ya wayi gari ya ga an yi ba shi. Ta zauna tana kallon layukan nan uku. Daga waje tana jin ana ta sannu da zuwa, ana jan kujerun roba. Ta goge hannu a zaninta, ta gyara layukan, ta rushe kwamfutar karo na biyar ta danna maɓalli. Ginin minti goma sha takwas yake ci.

Aka cika ɗakin. Darakta, Hajiya Halimatu Sa'adiyya, mace ce marar son ɓata lokaci, tun kafin ta zauna ta dubi agogo. Manoma suka tsaya ta tagogi, 'yan layi na takwas da na tara a can baya inda suka saba. A bango rubutu yana ta gudu. Hajiya ta tambaya ko wannan ne abin, Injiniya ya ce ai yana ɗumi ne.

Alhaji ya miƙe jawabin maraba, ya juya wa bangon baya. Dabararsa a fili take: ya ja zance har baƙi su gaji, yunwa ta kama su, a tafi cin shinkafa da kaji a bar maganar taswira. Ya faro daga shekarar da aka haƙa kanal. Ya bi ta kan mahaifinsa, da tsutsar tumatir, da tafiyarsa Umara. Roda tana ƙirga mintuna a zuci tana addu'ar Allah ya ƙara masa fasaha. Bai taɓa yi mata amfani irin na yau ba.

A minti na sha bakwai ya iso inda ya nufa. Ya rage murya ya ce shi mai son ci gaba ne, kowa shaida ne, amma kayan Bature sai a hankali. Yarinya ta yi iya ƙoƙarinta, Injiniya ya yi nasa, na'ura ta ƙi. Don haka yana ba da shawara, cikin tawali'u, a ci gaba da tsarin da aka gada.

Bangon da ke bayansa ya yi fari, sannan ya yi shuɗi. Kanal ya miƙe daga sama har ƙasa da rassansa tara, na ƙarshen yana walƙiya da kore, an rubuta Talata a gefensa.

Tafi ya ɓarke daga tagogi. Alhaji ya ɗaga hannu biyu yana godiya, yana cewa ai ba komai, hidimar jama'a ce. Sai da ya ga har Hajiya ba shi take kallo ba sannan ya waiwaya.

Hajiya ta ce ma sha Allah, ta tambayi yau wace rana ce. Ɗaki ya amsa baki ɗaya cewa Talata. Ta ce to ke nan ruwa yana layi na tara yanzu haka? Wani tsoho ta taga ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Alhaji ya ce ƙwarai kuwa, bari ma ya tabbatar. Ya ciro waya ya kira Tambaya mai kula da ƙofofin ruwa, ya tambaye shi da kakkausar murya dalilin da har yanzu bai buɗe wa bayin Allah 'yan layi na tara ba. Muryar Tambaya ta fito tar a wayar yana cewa ai Alhaji da kansa ne ya ce, sai Alhaji ya katse. Aka buga takarda kwafi goma. Ya sa hannu yana murmushi, aka ɗauki hoto, Injiniya ya kutsa tsakiya ya karɓi yabon aikinsa.

Bayan motoci sun tashi Alhaji ya kira Roda gefe. Ya yaba mata ƙwarai, ya ce kanta yana ja, Titus ya yi dace. Sannan ya tambaya, don ya ƙaru, ko da gaske ne yanzu kwamfutar da kanta take yin komai, danna ɗaya kawai. Ta ce haka ne.

"Alhamdu lillahi. To ai kin huta, 'yata. Danna ɗaya ko surukina Mudassiru ya iya. Ki bar makullin a kan tebur."

Ta ajiye makullin. Ba ta gaya masa cewa ko sau ɗari Mudassiru ya rushe ta ya danna, taswirar nan ce za ta fito, da sunan manomi.

Da la'asar ta bi gefen kanal a ƙafa, ranta a ɓace. Tun daga layi na bakwai ta fara jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta sami Baba Titus tsaye cikin ruwa har idon sawu, ya naɗe wando, yana fasa bakin kunya da fartanya ruwa yana shiga. Ya ɗago ya dube ta, ya ce ta koma gida kada ta ɓata takalmin ofis, gobe da aiki.

Roda ta tuɓe takalman ta ajiye a kan gaɓa.

"Baba, ina ɗaya fartanyar?"