Rabin Maganar Likita

Ni tela ce, shekara ashirin da biyu ina kan keke, saboda haka ranar da likita ta ce za ta yi wa ƙanwata ɗinki a bakin mahaifa, na fi kowa tambaya a ɗakin. Wane irin zare ne, ninki nawa, ƙulli ɗaya ko biyu? Likitar, wata siririyar mata mai gilashi da ba ta gaggawar magana, ta amsa mini duka ba tare da ta ƙosa ba. Ta ce bakin mahaifar Auta ne ba shi da ƙarfi. Da ciki ya fara nauyi sai ya buɗe da kansa, babu ciwo, babu naƙuda. Za ta zagaye shi da zare mai faɗi ta tsuke, kamar yadda ake tsuke bakin jaka, ya zauna a haka har cikin ya isa haihuwa.

Auta ita ce ƙaramarmu, a bayana ta girma. Sau biyu tana ɗaukar ciki, sau biyu yana zubewa a sati na ashirin da ɗaya, bayan ta riga ta fara jin motsi. Wannan shi ne na uku. Duk gidan babu mai faɗa, amma kowa ya san idan wannan ma ya tafi, Auta ba za ta sake yarda ta gwada ba, kuma ba lallai ne mu sake ganin Autar da muka sani ba.

Aka yi ɗinkin a sati na sha huɗu, washegari aka sallame mu. Mijinta, wanda muke kira Injiniya duk da cewa firiji kawai yake gyarawa, ya sauka karɓo magani. Auta tana kwance, barci yana fizgarta. Ni kuma ina naɗe zannuwa ina cusawa a jaka, waya a maƙale tsakanin kunnena da kafaɗa, wata mai kaya tana yi mini ƙorafin hannun riga. A haka likita ta shigo ta yi bayaninta, ta miƙo mini takarda. Abin da kunnena ya kama shi ne, "Abin da ya fi mata yanzu shi ne kwanciya..." Sauran maganar ya bi ƙorafin hannun riga. Takardar kuwa, a bayanta na rubuta sabon awon matar, daga nan ta bi ni shago ta ɓace cikin tarin ƙyallaye.

Kalma ɗayar nan ta ishe ni. Duk wanda ya taɓa riƙe allura ya san ɗinki ba ya farkewa a rataye, sai an ja shi. Na rufe shago, na sa aka kwaso kekena aka ajiye a falonsu, daidai inda zan riƙa hango ƙofar ɗakinta. Na sa Injiniya ya cusa bulo biyu a ƙarƙashin ƙafafun gadon don ƙugu ya fi kai tudu. Na ƙayyade zuwa banɗaki, wanka a zaune, abinci a kishingiɗe. Ko atishawa za ta yi sai na ce ta dafe mara tukuna. Da Injiniya ya ce shi fa yana ganin abin ya yi yawa, sai na tambaye shi ciki nawa ya taɓa ɗauka. Bawan Allah ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita, bai sake sa mini baki ba.

A satin farko Auta tana tsokanata daga kan gado, tana ce mini shugabar gidan yari. Ita malamar ƙananan yara ce, ta saba wuni a tsaye cikin hayaniya, yanzu ga ta tsakanin bango huɗu da fanka da labule ruwan toka. A sati na biyu tsokanar ta ragu. A na uku ta juya fuska bango. Bayanta yana ciwo, cikinta ya ɗaure, abinci sai ta taɓa ta ture. Ina taka keke ina leƙa ta, duk lokacin da na gan ta shiru sai in ji daɗi, a ganina ɗinki yana hutawa. Ranar awo ma ba likitarmu muka tarar ba. Wata nas ta tambaya ko tana samun hutu, na riga Auta amsawa na ce sosai ma.

A sati na sha tara, da safe ina kawo mata shayi, ta ce sharaɓarta ta hagu tana ciwo tun jiya. Na yaye zane, na ga kamar ta fi ɗayar kauri. Na ɗauko tef ɗin awo na gwada, ta fi da kusan rabin inci. Injiniya ya fasa zuwa aiki, muka kai ta asibiti, daga bakin ƙofa na nemo keken marasa lafiya na tura ta har gaban likita.

Aka ɗauki hoton ƙafar, aka ɗauki na cikin. Likita ta ce mu gode wa Allah, jini bai daskare a jijiya ba, kuma ɗinki yana nan daram, ko motsi bai yi ba. Sai ta dubi keken, ta dubi Auta, ta tambaye ta tafiyar minti nawa take yi a rana. Ni ce na amsa, har da gyara zama. Na ce ko ɗaya, sati biyar ke nan ƙafarta ba ta san tsakar gida ba, kamar yadda aka umarce mu.

Likita ta cire gilashi. "Wa ya umarce ku?"

"Ke mana, Likita. Kin ce abin da ya fi mata shi ne kwanciya."

Ta ce a hankali, "Kwanciyar hankali na ce, Yaya. Yana rubuce a takardar da na ba ki."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Injiniya ya kafa wa silin ido, kuma har gobe ina yi masa addu'a don bai ce uffan ba. Likita ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta yi bayani ne kawai, cewa dogon kwanciya ba ya ƙara wa bakin mahaifa ƙarfi, sai dai ya kashe jiki, ya jawo daskarewar jini, ya cika mutum da tunani. Abin da take so shi ne Auta ta riƙa yawo a gida, ta taka kaɗan safe da yamma, ta zauna idan ta gaji. Kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta daɗe a tsaye, ita da mijinta su haƙura da juna zuwa wani lokaci, kuma kada ta fasa maganin da aka ba ta. Idan ta ga jini ko ruwa, ko ta ji nauyi a ƙasa, ko mara tana ɗaurewa tana saki, ta taho nan take ba sai ta jira ranar awo ba.

Duk wannan Auta ba ta ɗago kai ba. Sai da likita ta gama, sannan ta yi tambayar da ban san tana ɗauke da ita ba.

"Likita, wancan na biyun, ranar na ɗauki bokitin wanki daga famfo zuwa igiya. Shi ne ya jawo?"

"Ba shi ba ne. Ko ba ki ɗauka ba, da zai buɗe. Haka bakin mahaifarki yake, ba wani abu kika yi ba."

Auta ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mara sauti. Ni kuwa sai na tuna wanda ya fara kawo zancen bokitin. Ni ce, shekara biyu da suka wuce, a bakin gadon asibiti. Na ce mata ai na sha gaya mata ta daina ɗaukar ruwa. Na faɗa ne cikin zafin rai, na manta tun kafin in isa gida. Ita ba ta manta ba, shi ya sa da na ce ta kwanta ta kwanta, ko sau ɗaya ba ta yi mini gardama ba.

Da muka koma gida, Injiniya ya zare bulon nan ya kai bayan gida ba tare da ya dube ni ba. Ni kuma na sha alwashin neman gafara, sai dai bakina bai saba ba. Zan iya farke riga sukutum in sake ɗinkawa, amma "yi haƙuri" tana maƙale mini a wuya. Kwana biyu ina zagaye-zagaye, in kawo mata lemo, in gyara mata filo. A rana ta uku muna tafiyar yamma, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin get, tana riƙe da hannuna, ƙafafunta suna rawa saboda rashin sabo, na daure na ce maganar bokitin nan ban kyauta ba. Ta ce ta sani. Na ce to ta yafe mini. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗin in daina ƙirga mata zuwa banɗaki.

Daga get muka kai shagon mai kayan miya a kan kwana, daga nan muka kai bishiyar da ke gaban kemis. Minti goma zuwa, ta zauna a bencin mai kemis ta huta, minti goma dawowa. Tsoron bai tafi ba, kada in yi ƙarya. Duk takun da ta yi, ni ina jin sa a cikina. Sati na ashirin da ɗaya ya shigo, babu wanda ya ambace shi, amma Injiniya ya riƙa dawowa gida da rana wai ya manta sukundireba. Auta ta yi tafiyarta ranar Litinin, ta yi ranar Talata, har Lahadi ta zagayo. Da safiyar sati na ashirin da biyu na same ta a kicin a kan kujera tana yanka albasa, tana hawaye tana dariya, ta ce albasar ce.

Bayan nan na mayar da kekena shago, sai dai in leƙo da yamma mu yi tafiya. Dama tun da muka fara tafiyar ta roƙe ni in riƙa kawo mata ragowar ƙyallaye, wai za ta yi wa 'yan ajinsu kayan wasa idan ta koma aiki, na riƙa ciko mata leda. Sau ɗaya, a sati na talatin, mararta ta ɗaure, muka garzaya asibiti. Aka duba, aka riƙe ta wuni ɗaya, aka ce ɗinki lafiya, ta rage nisan tafiyar na 'yan kwanaki. Ta rage, daga baya ta koma yadda take.

A sati na talatin da bakwai aka cire zaren. Na roƙi likita ta nuna mini, ta nuna. Ɗan guntun abu ne fari, bai kai tsawon yatsana biyu ba, na yaba ƙullin. Ni na zaci da an cire shi yaron zai faɗo a wurin, har na ƙi yarda mu bar harabar asibiti sai da nas ta kore mu. Kwana tara Auta ta ƙara tana yawonta, sannan naƙuda ta zo da hantsi. Da ƙafarta ta shiga ɗakin haihuwa, kafin la'asar muka ji kuka. Mace ce, mai cikar gashi da ƙarfin murya.

Nas ta leƙo ta ce a miƙo kayan jaririya. Na buɗe jaka na duba. Akwai zannuwa, akwai tawul, akwai sabulu, amma babu riga ko ɗaya. Ni da nake ɗinka wa 'ya'yan mutane kaya tun suna ciki, wata tara na kasa yanka wa wannan ko hula. Sau biyu a baya na ɗinka, sau biyu na tattara na ɓoye a ƙasan akwati, hannuna bai sake yarda ba. Na ce wa Injiniya ya ruga shagon bakin asibiti, sai muka ji muryar Auta daga ciki, a gajiye, tana cewa a duba aljihun gefen jakar.

Na zuge aljihun. 'Yar riga ce da ragowar ƙyallayen shagona, gaba shuɗi, baya mai furanni, ɗinkin hannu. Auta da ko maɓalli ba ta iya maƙalawa. Zaren ya tafi a karkace, wani wurin ya yi tsalle, wuyan ya zurma gefe ɗaya, hannun dama ya fi na hagu tsawo. Da yarinyar shagona ce ta kawo mini wannan, da ta sake shi tun daga farko.

Da aka bar mu muka shiga, na tambaye ta yaushe ta ɗinka. Ta ce tun ranar da muka fara kaiwa gaban kemis, kullum layi ɗaya idan ta dawo daga tafiya.

"Na san ya karkace, Yaya. Idan mun koma gida ki farke ki gyara."

Na sa wa yarinyar rigar da hannuna, na naɗe dogon hannun sau biyu har yatsunta suka fito. Na ce mata babu abin da zan farke.