Kwalbar Yaya a Hannun Dama

…kuma har yanzu gwiwarsa na kan maƙogwarona. Ni fa! Ni da na zubar da ƙarti uku a bakin tasha ina shan rake — to, biyu ne, ɗayan ma santsi ya kwashe shi, amma wa ya tambaya?

Sabon mai gadi ne. Bai san ni ƙanin mai ɗakin gwajin nan ba ne. Ya ga farar rigar Yaya ta ɗame ni, ya ga kwalba a hannuna… "Ɓarawo!" Kulki a haƙarƙari. Kulki a baki. Ga haƙori yana yawo a kan harshena, jini gishiri-gishiri.

Wasa ne fa, wallahi. In ɓoye kwalbar bayan kabad, Yaya ta dawo ta ɗora hannu a ka, in fito ina dariya. Shi ke nan.

Naushi ɗaya ya ishe shi, ɗan banza. Amma hagu na danne a ƙarƙashina, dama na sama riƙe da kwalbar — ƙwayoyin yis ɗin bincikenta, wanda ta ƙare ƙuruciyarta tana reno. Firij ya lalace, sauran duk sun mutu, wannan kaɗai ya rage. In na saki, sai ta tarwatse a kan tayil.

Me take cewa ma? Ina hamma tana zuba… "Kowace ƙwaya tana da ɗan murhunta, mitokondiriya, da shi take numfashi. In na sa guba na toshe hanyar numfashin, sai wani furotin ya buɗe ƙofar baya, ta ci gaba da shan iskarta." Na ce, Yaya, ai ni ke nan, an kore ni daga aji ta ƙofa na dawo ta taga! Ta jefe ni da murfin biro.

Ƙofar baya… to ina tawa? Hanci ya ƙi ja. Fitilun sama suna komawa ja, ja, baƙi —

Sai Baba ya faɗo mini a rai, da bel a hannu: "Kai dai ba ka taɓa riƙe abu bai fashe ba."

Sake ta, wawa! Fasa masa hanci, ƙwaƙule masa ido! Yatsun sun ƙi jin magana. Yaushe suka zama nata?

Ƙwas… ƙwas… takalminta ne a baranda, ko kaina ke bugawa? In ta turo ƙofa, wa za ta fara dubawa — ni, ko…

Bai zube ba, Baba. Ko ɗigo. Duba mana.

Hannun ne dai… hannun ya fara saukowa…