Macen Giginya a Rufin Otal

Ni na ɗaure bakan gizon da ke riƙe da rufin babban zauren otal ɗin nan na Kano, wanda ba zan kama sunansa ba. Shekara arba'in ke nan. Masu zanen ginin sun yi benensu na siminti hawa bakwai, amma zauren karɓar baƙi suka ce na ƙasa suke so, irin na iyayenmu: tubali, azara, shafen makuba, da tasa a tsakiyar rufi. Mu goma sha biyu muka yi aikin, yau ni kaɗai na rage. Shi ya sa duk garinmu Lakwaya ba mai ce mini Zailani sai Sarkin Magina, ni da na taso a bayan shanu.

Wata Asabar da hantsi 'yata Zinnira ta turo mini bidiyo kafin ta kama aiki. A otal ɗin take aiki, ita ce mai karɓar baƙi. An yi wa zauren kwaskwarima saboda bikin cika shekara arba'in da za a yi da la'asar. Ta ɗaga wayar sama tana dariya. An cire tasar, an rataya wata jibgegiyar fitilar ƙarau mai rassa, wadda ta ce sai da ƙarti takwas suka ɗaga. Teburin Zinnira yana daidai ƙarƙashinta.

Na sake kallon bidiyon, idona na kan bakan da ke ɗauke da fitilar.

Kowane magini ya san daga namijin giginya ake tsaga azara. Macen a ido ba laifi, amma cikinta laushi gare shi, gara kuma tana sonta kamar yaro da alewa. Lokacin aikin, azara ta ƙare saura baka biyu, aka turo ni gida in samo. Mazan giginyar da na samu a gonar Bappana suke, a ƙauyen Jama'a, shi kuwa ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba mai taɓa su. Na ji kunyar komawa hannu rabbana. Sai na sare matan giginya biyu, na tsaga, na shafe da laka don kada ubangidanmu ya gane, na ɗaure da hannuna na yaɓe. Har uwar Zinnira ta rasu ba ta sani ba.

Na kira Zinnira sau shida, wayar a kashe. Ba a barin su da waya a bakin aiki. Na hau acaɓa zuwa tashar Gwarzo, ko hula ban ɗauka ba.

Ina da lambar manajar otal ɗin, Madam Kaneng, don ta gayyace ni bikin za a karrama ni, na ce ƙafa ke damuna. Amma ban kira ta ba. Gaskiya ɗaya ce: so nake in isa in ja 'yata gefe in raɗa mata, sunana ya tsira. Kuma don ƙarin masifa, wa zan tarar a motar? Malam Salisu maƙwabcina, mutumin da bakinsa bai san hutu ba. Kafin mu bar Gwarzo ya gama sanar da fasinjoji wanda suke tafe da shi.

"Ku dube shi da kyau," in ji shi, "ginin da ya yi ko Turawa hotonsa suke ɗauka."

Ni kuwa duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar ƙarar azara ce ta karye.

A Kabo direba ya tsaya lodin masara. Buhu goma sha biyar, ana yi ana gardama. Na roƙe shi, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, Kano ba guduwa za ta yi ba." Na dubi rana ta kusa tsaka. Na tuna ana can ana jan kujeru, ana gwada gangunan biki, bango yana amsawa. Na danna lambar Madam Kaneng.

"Baba! Ka fasa ƙin zuwa ke nan?" in ji Madam Kaneng.

"'Yata, ki fitar da kowa daga zauren nan yanzu."

"Ban ji ba, Baba, layin yana yankewa. Ɗaga murya."

Na dubi Malam Salisu, ya kafe ni da ido. Na ɗaga murya, har masu lodi suka dakata.

"Na ce baka biyu na gabas macen giginya ce! Ni na sa, na ɓoye. Ba za su ɗauki fitilar nan ba!"

"Baba, baƙi ɗari biyar ke zuwa. Ka tabbata?"

"Wallahi na tabbata. Ki sa a soka ƙusa a bakan, in ta shige kamar a tuwo kin gani."

Ta kashe. Malam Salisu kuwa sai gyaran hula yake. Na sauka na tsuguna a gindin wata darbejiya, na riƙe wayar da hannu biyu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rabin awar ba.

Da wayar ta yi ƙara, muryar Zinnira ce.

"Baba, an soka ƙusar. Ƙasa ce da gara suka zubo."

"Kin fita daga ƙarƙashinta?"

"Na fita. Duk muna waje."

Na yi hamdala, hawaye na bin gemuna. Ita kuwa ba ta kashe ba, ina jin numfashinta.

"Baba," ta ce a hankali, "shekara uku duk baƙon da ya shigo sai na nuna masa rufin nan, na ce babana ne ya yi."

Direba ya yi hon yana kirana. Na ɗaga masa hannu ya tafi.