Fuskar Clovis

Hollis ne ya tsinci gwangwanin a ƙarƙashin ciyawa, cikin tsohuwar bargar dawakin da ya saya a bakin gari. Da ya buɗe ya ga fim ne, sai ya zo wurina a guje, don duk yankinmu ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka hau doki a gaban kamara tun fim bai iya magana ba. Na ɗaga shi a rana na duba. Namu ne. Gajeren fim irin na lokacin, kafin kofi ya huce an gama: a tare keken doki, ɗan doka mai tauraro a ƙirji ya biyo sawu, a harbe mu.

"Clovis yana ciki?" in ji Hollis.

"Yana ciki."

"To bari in gaya wa Gwaggo Zelma."

Na so in riƙe shi, amma ɗan banzan ya riga ya tada mota.

Clovis abokina ne, mijin Zelma. Mura ce ta ɗauke shi a shekarar da aka gama yaƙin duniya na farko, ya bar ta da ƙuruciyarta, ba ta sake aure ba. Hotonsa ɗaya tak take da shi, shi ma ruwa ya tafi da shi shekarar ambaliya. Bara, muna zaune a barandarta, ta ce mini, "Orval, fuskarsa ta fara ɓace mini. In na rufe ido sai in ga malafa, ba kowa a ƙarƙashinta." Na ci gaba da cin wainar masarar da ta ba ni.

Ran Lahadi bayan coci muka taru a shagon Hollis. Ya aro majigi daga makaranta, ya kafa farin zanen gado a bango, ya toshe tagogi da buhuna. Zelma ta zo da shuɗiyar rigarta ta biki, har da jan baki, mace mai jikokin 'yan'uwa.

"Wa za ki burge?" na ce.

"Ba kai ba, tsohon alfadari. Matsa."

Majigi ya fara ƙara. Ga dutsen nan namu, babu waya, babu titi. Ga ƙura ta taso, ga mu nan a sukuwane, kowa da ƙyalle ɗaure a hanci. Na ga kaina da gashi, da ƙugun da ke iya juyawa.

"Wanne ne?" Zelma ta damƙi hannuna.

"Mai akawal, baƙin dokin nan na gefe."

Ɗan doka ya ɗaga bindiga. Clovis ya saki linzami, ya faɗo rubda ciki, hannu a kan kai.

"Au! Shi ke nan?"

"Dakata, zai dawo."

Ga yadda sana'ar take. Kamfani ba ya ɗaukar mahaya da yawa, 'yan fashi kuwa dole su yi yawa. Duk wanda kamara ta ga fuskarsa ya mutu, to ya mutu, sai ya koma gindin itace ya jira wani fim. Wanda ya ɓoye fuska kuwa, sai ya tashi ya kakkaɓe, ya sake malafa da doki, a sake kashe shi. Cikinmu babu gwani irin Clovis. Yana alfahari da hakan, har yakan ce ya mutu ya fi kowa a Arizona amma ba mai shaidar gawarsa.

Ya dawo a kan farin doki, aka harbo shi daga kan dutse. Ya dawo a ƙasa, aka harbe shi a bakin rijiya. Kowace faɗuwa fuska na cikin yashi. Ban taɓa jin haushin gwanintar mutum irin na ranar ba. A raina ina ta cewa: juyo mana, Clovis, yau ɗaya ka yi kuskure.

A ƙarshe saura ɗan fashi guda ya tsira. Clovis ne, da wata rigar. Ya juya wa kamara baya, ya hau, ya miƙa cikin fili yana ƙanƙancewa, kafaɗar hagu ta ɗan karkace. Fim ya ƙare, zane ya koma fari.

Hollis ya yi gyaran murya. "Gwaggo, yi haƙuri. Da na sani..."

"Rufe min baki."

Ta ciro hankici ta goge jan bakin a hankali. Ba ta kalle mu ba.

"Ko sau ɗaya," ta ce. "Mai taurin kan tsiya."

Ta ɗaga kai ta dubi farin zanen.

"Amma bayan nan nasa ne. Haka nake ganinsa kowace safiya daga ƙofar kicin, yana tafiya aiki. Ina tsaye ina jira ko zai waiwayo." Ta ninke hankicin. "Hollis, mayar da shi farko."

"Gwaggo, ba fa zai juyo ba."

"Na sani. Mayar."